Sallamar da Ta Sauko Daga Rufin Tasha

Abuja,
Ranar Talata.

Zuwa ga uwargida Hajiya Huraira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida da maƙwabta, da su Malam Mu'azu na bakin masallaci. Yaya ƙafar? Yaya kuma kunnen? Idan kin tambaye ni, na sauka lafiya ƙalau, na kuma tarar da su duka lafiya.

Na san za ki ce me ya kai tsoho ga takarda a zamanin waya. To, ai kin ga abin da ya faru shekaranjiya. Na kira ki, na yi ta ɗaga murya har mai gadin gidan nan ya leƙo ya ga ko faɗa ake yi. Rabin Abuja ta ji na iso lafiya, ke kaɗai ce ba ki ji ba. Shi ya sa na nemi Ƙasimu direba, wanda ke lodi a Unguwa Uku, ya ce zai miƙa miki hannu da hannu. Karatun nan da kika yi a ajin matan aure na Tarauni, yau ranarsa ta zo. Ki sa tabarau, ki zauna, labarin yana da ɗan tsawo.

Kin san surukinmu Murtala ya dage sai na hau jirgin ƙasa daga Kaduna. Jirgin kansa zan ba ki labarinsa wata rana. Tashar da ya sauke mu ita ce magana.

Huraira, tun muna yara kakata kan ba mu labarin garuruwan da ƙofofinsu ke buɗe kansu, mu yi ta dariya muna cewa tsohuwa ta fara ruɗewa. Allah Ya jiƙanta, ashe hango ta yi. Na doso wata ƙofar gilashi da jakata, ina neman inda zan tura, sai ta rabe biyu ta ba ni hanya. Na ce madalla, na waiwaya in ga yaron da ya buɗe in sa masa albarka, babu kowa. Na taka ciki, ƙasan wurin yana sheƙi kamar faranti sabon wanki, har na sunkuya zan tuɓe takalmi, sai na ga kowa da nasa a ƙafa. Na ɗaga kai in ga ƙarshen rufin, ina ɗagawa ina ɗagawa, sai hulata ta faɗi ta baya. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina wanke hulunan mutane ina ɗora su a kan gungume, ban taɓa barin hula ta taɓa ƙasa ba sai ranar. Da na ɗauke ta, ko ƙura babu.

Akwai matakala a wurin mai tafiya da kanta. Mutum ya tsaya cik, ita ta yi hawan. Na daɗe a gindinta ina kallon yadda take fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ba ta ƙarewa, ina tunanin ina ake tara waɗanda suka kai sama. A bakin tashar kuma ga dogayen motocin bas a jere, kowacce da gurbinta, sunan unguwar da za ta yana haske a goshinta. Ba ɗan kamasho, ba mai jan jakarka, ba mai rantse maka cewa saura mutum ɗaya a tashi. Na ga wata da idona ta rufe ƙofa ta tafi da kujeru a wofi, don kawai lokacinta ya yi. Na ce a raina, da Ƙasimu zai ga wannan, da ya kwanta ciwo.

Ina tsaye cikin wannan mamaki sai wata murya ta sauko daga rufin. Da fari Turanci aka yi, ban kula ba. Sai na ji an yi sallama da Hausa, an ce sannunku da zuwa, a sauka a hankali, a riƙe hannun yara, a taimaki tsofaffi. Huraira, jakar ta kusa suɓuce mini. Muryar 'yarki ce. Zahra'u. Na rubuta sunan, in kin ga dama ki tsallake shi kamar yadda kika saba.

Na amsa sallamar da ƙarfi, na ce mun same ku lafiya, yaya yara, yaya maigidan. Ba ta tanka ba. Na ɗauka tana can sama a wani ɗaki tana hango mu, sai na cire hula na ɗaga mata. Jim kaɗan ta sake yin sallama, na sake amsawa, ta sake cewa a taimaki tsofaffi, ga tsohonta tsaye da jaka ba ta ce a taimake shi ba. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya sosu. Ina cikin haka Murtala ya zo ya ɗauke ni.

Muna shiga gida sai ga ta ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta durƙusa tana gaishe ni. Ashe ranar ko ƙofar gida ba ta taka ba. Wai tuntuni aka zo gidan rediyon da take aiki aka ɗauki muryar, na'ura ce ke sakinta duk sanda jirgi ya zo ko zai tashi. Jikarki Bilkisu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce ita ta fasa aurena, ba za ta zauna da mai gaisawa da silin ba. Na ce mata ni dai an yi mini sallama na amsa, waɗanda suka wuce ba su amsa ba su za a tambaya.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Muryar nan da girma take saukowa, ba kamar ta waya ko ta rediyonki ba. Har a ƙirji mutum yake jin ta. Ina tsaye a wurin, abin da likita ya faɗa mana ya faɗo mini, cewa kunnen hagu ya riga ya tafi, na daman ma yana bin sa a hankali. Na lissafa, rabonki da jin muryar yarinyar nan tun kafin ciwon ya yi ƙarfi. Walimar saukar Bilkisu sai Asabar ta sama. Ki zo.

Ki gaida Rabi ƙanwata in ta leƙo daga Darmanawa. Ki ce wa Malam Mu'azu hularsa tana kan gungume na biyu, ta bushe.

Naki,
Isyaku.


Abuja,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Hajiya Huraira,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, tare da fatan kin tashi lafiya, ƙafa ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai shirye-shiryen walima.

Ƙasimu ya kawo mini amsarki da baki, yana faɗa yana danne dariya. Wai kin ce tun ina saurayi haka nake, in na je Wudil na dawo sai in ba da labari kamar na je Masar. Wai matakala ba ta tafiya sai dai kan tsoho ya juya. Wai kuma ba a taɓa yi a danginku ba, uwa ta kwashi ƙafa ta je ta kwana a gidan 'yar fari. A kan muryar kuwa, ya ce kin dai ninke takardar kin sa a ƙarƙashin filo. Wannan na ƙarshen shi na fi riƙewa.

Tun da na zo kusan kullum sai na koma tashar. Na koyi hawan bas ɗin nan, ina zama kusa da taga kamar wani ma'aikaci. Akwai zauren waje inda ake barin kowa ya zauna, daga nan sai wata ƙofa da ba mai wuce ta sai mai tikiti. A can babu rakiya. Mu da muke raka baƙo har cikin mota, mu riƙe taga muna ba da sallahu har direba ya ja, nan a bakin ƙofa ake rabuwa, kowa ya haɗiye sauran maganarsa.

Na ƙara ganin abubuwa. Akwai wani akwati da ake tura kaya ta cikinsa, ma'aikaci yana zaune yana ganin abin da ke cikin jaka ba tare da ya kwance ta ba. Na leƙa na ga butar wata mata da cokulanta a fili kamar an zana. Akwai wani ɗan ɗaki da ake shiga a rufe, a buɗe sai ga mutum a bene. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani layi ne mai ƙurji-ƙurji da aka shimfiɗa a ƙasa. Na ɗauka ado ne, sai na ga wani makaho ya ɗora sandarsa a kai yana bi, shi kaɗai, ba ɗan jagora, har bakin ƙofa. Na ce Allah mai iko, ashe cikin masu ginin nan akwai wanda ya zauna ya tuna da makaho. Na zauna ina ta kallon jama'a, Bayarabe da Inyamiri da Bature da namu, jirgi ya zubar da waɗansu ya kwashi waɗansu, ba hayaniya. Ita kuwa tana can sama tana yi wa kowa sallama.

Yanzu bari mu yi maganar da ba mu taɓa yi ba, tunda a takarda ba za ki iya tashi ki ce tukunya na ƙonewa ba.

Ban ce kunyar ɗan fari laifi ba ce. Haka kika taras, haka uwarki ta yi wa yayanki. Tun da aka yaye yarinyar nan Rabi ta ɗauke ta zuwa Darmanawa, ba ki taɓa kiran sunanta ba, sai waccan, sai yarinyar nan. Amma ni na san wadda take jawo tabarma kusa da rediyo da tiren shinkafa duk ranar da take gabatar da shirinta, lokacin tana aiki a Kano. Shinkafar da aka tsince jiya ita ake sake tsincewa. Ban taɓa faɗa ba, na dai ci shinkafa mai tsabta shekaru.

Ga inda abin ya ƙulle. In ta zo gaishe ki, durƙusawa take yi, ta sunkuyar da kai, ta yi magana ƙasa-ƙasa, don ba za ta ɗaga wa uwarta murya ba. Ke kuma sai ki juya fuska ga bango, ko bakinta ba kya kallo. Da kunne yana nan, hakan ya wadatar. Yanzu ita tana gaisuwa, ke ba kya ji, ke kina amsawa a inda ba a tambaya ba, ita tana ɗauka gajiya kika yi da ita. Daren jiya bayan cin abinci ta tambaye ni, tana kwashe kwanuka ba ta dube ni ba, wai ko Inna tana ma tuna yadda muryarta take. Mace ce da 'yarta ta sauke Alƙur'ani, amma da ta yi tambayar sai na ga yarinyar da Rabi ta goya. Na ce mata ruwa nake so.

Shi ya sa na ce tashar nan kamar don ke aka gina ta. A can ba ke take yi wa magana ba, duniya take yi wa. Ba wanda zai ce Huraira ta zauna tana sauraron 'yar fari, matafiya ce tana jiran jirgi. Kuma na'ura ce ke ɗaga muryar, ba ita ba, balle a ce ta yi rashin kunya. Ki ji abinki ki tashi, ba wanda ya sani sai ni, ni kuwa kin ce ba a yarda da maganata.

In kuma duk wannan bai isa ba, to ki zo ki ƙaryata ni. Ki zo ki ga matakalar. In ba ta tafiya, ki tara matan layinmu har na Babban Giji ki faɗa musu, ni kuma na daina ba da labari har in mutu. Ƙasimu ya ce zai ajiye miki gidan gaba ranar Alhamis, saboda ƙafar.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Isyaku.


Gyadi-Gyadi, Kano,
Ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Zahra'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gajiyar walima? Allah Ya sa Alƙur'anin ya zauna a ƙirjin Bilkisu, Ya ba ta aiki da shi. Ki ce mata tun da ta fasa aurena ina nan ina shawara ko in mayar da ita. Mu mun iso gida lafiya, Goggonki Rabi tana gaishe ku.

Kin tambaye ni a waya yadda aka yi jirgi ya tashi ya bar mu, alhali a gabanki muka shiga da wuri. Na ce miki tsufa ne. Murtala kuma na ji yana ta ba da haƙuri, wai da ya sani ya nemi wanda zai kai mu har kujera. Ki ce masa ya kwantar da hankalinsa. Lokacin Innarki tana kusa da ni, kuma ko da ba ta ji, tana karanta bakina. Yanzu ta shiga maƙwabta barka, bari in faɗa miki.

Kin ga yadda ta yi a gidanki. Ta ce matakala ta zo gani. Ta yi wasa da jikokinta, ta ci abincinki ba ta ce ya yi daɗi ba, kika durƙusa ta dubi labule. Na ga fuskarki a bakin ƙofar nan da ba a rakiya, sanda kika ce Allah Ya kiyaye hanya ta wuce ba ta waiwayo ba. Ba ta ji ki ba ne, Zahra'u. Ta gefen hagu kika tsaya.

Da muka shiga, ƙofar gilashi ta buɗe mata, ta ce iska ce. Muka zo matakala, ta tsaya ta dube ta sama da ƙasa, ta kama hannun rigata, abin da rabonta da yi tun muna amarci. Muka hau tana salati a hankali. Da muka kai ta ce to, wannan ɗaya ka yi gaskiya. Na nemi kujerar da ke daidai ƙarƙashin lasifika, don na riga na san ta inda muryar ke saukowa, na zaunar da ita ta yadda kunnen dama zai fuskanci sama.

Aka yi Turancin, tana gyara ɗaurin ƙullin kayanta. Sai kika yi sallama.

Hannunta ya tsaya a kan ƙullin. Ba ta ɗaga kai ba, ba ta dube ni ba. Can sai na ga ta sa yatsa ta janye gefen mayafi daga kunnen, ta tura ɗankwali sama kaɗan. Kika ce jirgin Kaduna ya kusa tashi, a riƙe hannun yara, a taimaki tsofaffi. Na ga leɓenta yana motsi, ashe sallamar take amsawa. Ita da ta fi kowa yi mini dariyar gaisawa da silin.

Jama'a suka tashi suka nufi jirgi. Na ɗauki jaka na ce mu je. Ta tambaye ni ko a cikin jirgin ma ke ce. Na ce a'a, a ciki wani namiji ne. Sai ta gyara zama. Kika sake yin sanarwa, ta sake saurare tun daga sallama har ƙarshe, kamar ba ta ji na farko ba. Zauren ya kusa zama wayam. Wani ma'aikaci mai kirki ya zo ya russuna, ya nuna mata agogo, ya ce Mama jirgi zai tashi. Ta ce masa ya tashi mana, ana yi wa mutum magana ya miƙe ya tafi?

Ni dai na ajiye jaka na zauna. Ta gilashi muna kallo ƙofofin suka rufe, jirgin ya ja jiki a hankali, dogo, ba ƙara ba hayaƙi, kujerunmu biyu suna ciki. Daidai nan kika yi ta ƙarshe, wadda ban taɓa ji daga zauren waje ba. Kika ce Allah Ya kai ku lafiya, Ya sada ku da iyalanku cikin alheri. Ta ce amin.

Sannan ta kira ma'aikacin nan da hannu, ya dawo. Ta tambaye shi ko ya san mai maganar nan. Ya ce a'a Mama, kullum dai yana jin ta. Kin san wanda kunnensa ya yi nauyi bai san ƙarfin muryarsa ba. Da ƙarfi ta faɗa, har masu shara suka waiwayo. Ta ce, "Zahra'u ce. 'Yata ce, ta fari."

Ranar sunanki ina wurin, ni na raɗa wa liman sunan. Daga ranar har zuwa wannan zama ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ashe ta iya shi sarai, har da 'yar tsayawar nan ta ƙarshe. Yaron ya ce Allah Ya raya, Mama, kamar jiya aka haife ki. Ni kuwa na ɗaga kai ina duban rufin, na riƙe hulata da hannu, na daɗe ban sauke ba.

Shi ne muka fito muka hau doguwar bas a bakin tashar, ta kai mu inda su Ƙasimu ke lodi. Muka kama hanyar Kano a mota, har muka wuce Zariya. Sai wajen Kwanar Ɗangora ta ce muryar ta ɗan dushe, da ji ba a shan zuma.

Tun da muka dawo matan layi suke zuwa jin labari. Tana ba su na matakala da na akwatin da ke ganin cikin jaka, tana cewa rufin bai kai yadda na faɗa ba. Na murya ba ta ba kowa. Ta koma cewa yarinyar nan, kada ki sa rai da wani sauyi a baki. Kunnen kuma yana nan yadda likita ya ce, kwana biyun nan sai na taɓa ta kafin ta san na shigo.

Ƙasimu zai ba ki wannan takarda da kwalbar zuma. Ta ce in ce ni na aiko. To, na ce. Ke dai kin san ban taɓa sanin inda ake sayar da zuma a garin nan ba.

Abu ɗaya nake so ki yi, kuma kada ki bari sai Sallah. Ki zo. In kin durƙusa, ki durƙusa ta dama, ki ɗaga murya irin ta tasha, ni ubanki na ba ki izini. Na gwada mata maganar jiya, na ce in yarinyar nan ta zo zan sa ta yi gaisuwa da ƙarfi. Ta juya fuska ga bango kamar kullum, ta ce in ji da wankin hulata. Amma na lura da yadda ta juya. Da can hagu take bari a waje. Jiya dama ta bari.

Ki gaida Murtala da yara. Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Malam Isyaku mai wankin hula.